Sabon Tabarau na Baba Tsallake

Duk wanda ya taɓa bin layin shagunan nan da ke gangarowa daga tashar mota ya karanta hannun Baba Tsallake, ko ya san shi ko bai san shi ba. Allon ƙofar mai aski shi ya rubuta. Na gidan burodi shi ne, na mai gyaran waya, na mai wanki da guga, har da jan rubutun da ke jikin katangar makaranta mai cewa kada a zuba shara a nan, wanda mutane ke zuba shara a ƙarƙashinsa kowace safiya. Da burushi da fenti ya yi su duka, tun gashinsa na baƙi har ya koma fari fat.

Sunan kuwa aikinsa ne ya jawo masa. Ba ya rubuta harafi biyu a jere. Zai hau tsani ya ja ɗaya, sai ya sauko, ya goge hannu a tsumman da ke rataye a kafaɗarsa, ya tsallaka titi, ya goya hannuwa a baya, ya karkata kai ya ƙare wa harafin kallo. In ya gamsu ya gyaɗa kai ya dawo. Direbobi sun yi masa hon har sun gaji, sun zage shi har bakinsu ya bushe, daga baya da kansu suka koyi rage gudu in sun hango tsani a jingine. In ka tambaye shi dalilin wannan wahala, to ka nemi wurin zama, don bayani ba zai ƙare da wuri ba. "Wa ka taɓa gani yana karanta allo da hancinsa a jiki?" zai ce. "Daga can ake karantawa. To ni ma daga can zan duba."

Mai riƙe masa tsani matarsa ce. Mace ce mai tsimin magana, shi kuwa in ya buɗe baki sai an yi da gaske. Akwai kuma abu guda da ba ya yi: bai taɓa sa sunansa a ƙasan allo ba. Ya ce allo na mai shago ne, shi nasa ya ƙare da zarar fenti ya bushe.

Da injin buga bana ya shigo gari, aiki ya ragu ƙwarai. Sababbin shaguna suka koma rataya banar roba mai sheƙi, da hotuna da lambobin waya. Baba Tsallake bai taɓa kiran abin da sunansa ba, "ledar nan" yake cewa, yana taɓe baki. In zai wuce ta gaban ɗaya sai ya kau da kai, kamar wanda ya haɗu da tsohon abokin gaba.

Amma ba ledar ce ta fi damunsa ba. Idonsa ne. Na kusa da sauƙi, ya sayi ɗan tabarau na karatu a kasuwa, da shi yake ganin bakin burushi. Na nesa ne ya ci amanarsa. Sannu a hankali, in ya tsallaka ya juyo, sai ya ga allon ya zama wani dishi-dishi, baƙi ya narke cikin fari. Bai gaya wa kowa ba. Ya ci gaba da tsallakawa, ya goya hannu, ya karkata kai, ya gyaɗa, ya dawo, alhali ba abin da ya gani. Asirinsa ya tonu ne ranar da ya tsaya daga tsallake ya yi wa mutum-mutumin ƙofar tela doguwar gaisuwa, har da tambayar iyali, sannan ya juyo yana ƙorafin cewa 'yan zamani ba sa amsa gaisuwa. Matarsa ba ta yi dariya a wurin ba. Sai da suka isa gida ta shiga kicin ta yi ta ita kaɗai.

Ana cikin haka 'yarsu ta ƙarshe, Auta, ta gama karatun harhaɗa magunguna, ta kama shago a kwanar layin za ta buɗe kantin magani. Murna wajen Baba ba a magana. Yarinyar da ta tashi tana dama masa fenti da tsinke, yau ita ce da shago a layinsa! Mijinta mutumin kirki ne, ma'aikacin ofis mai son komai a kan lokaci. Cikin ladabi ya ce, "Baba, da an huta da hawa tsani. Akwai masu buga bana, yau ka kai, gobe ka karɓa."

Auta ta ce, "Babana ne zai rubuta." Sannan ta juyo ga uban. "Amma sai ka je an gwada maka ido tukuna. Mama ta ba ni labarin mutum-mutumi."

Aka tsaya a kan haka. An riga an sa ranar buɗe kanti, kuma ba ta da nisa. In allo ya kammala, ya yi kyau, shi za a kafa. In bai samu ba, suruki zai rataya bana. Baba Tsallake ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Leda a ƙofar Auta, a layin da shi ya rubuta tun daga farko har ƙarshe? Ya rantse ba zai ga wannan rana ba.

Shagon tabarau yana can wajen tsakiyar layin. A bakin ƙofa matarsa ta riƙo hannun rigarsa.

"Baban Auta, don Allah, yau dai ka rufa mana asiri. Abin da aka tambaye ka shi za ka amsa. Ban da labari."

"Ni yaushe nake labari?"

"Ban da labari, na ce."

Likitar ido yarinya ce matashiya, ta gaji shagon ne daga mahaifinta da ya rasu. Ta shigar da su wani ɗaki mai tsawo kamar lungu, kujera a wannan ƙarshe, allon gwaji a wancan. Ta zaunar da shi, ta ɗora masa wani firam na ƙarfe mai nauyi a hanci, ta jawo faranti cike da ƙananan gilasai masu zobe.

Baba ya ɗaga kai ya dubi bangon, sai daɗi ya rufe shi. Haruffan ba ya ganinsu, amma shuɗin layin da ya kewaye allon, da yadda aka yanke kusurwoyinsa, ko a mafarki ya san su. Aikinsa ne! Tsohon likitan ne ya kawo masa wata yagaggiyar takarda da rula, tun wannan yarinya ba ta fara tafiya ba, ya ce a mayar masa da ita kan katako ba ƙari ba ragi. Mutum ne mai tsantseni, ya sa shi ya goge ya sake har sai da kowane harafi ya zauna a kansa daram. Baba ya buɗe baki, labari ya taho har maƙogwaro. Matarsa ta yi gyaran murya. Ya haɗiye.

Likita ta rufe masa ido ɗaya da baƙin faifai, ta zura gilashi mafi rauni a ɗayan. "Baba, karanta mini abin da kake iya gani, daga sama."

A nan ya kamata a yi wa mutumin nan adalci. Bai yi niyyar ha'inci ba. Ya kalli baƙin dunƙulen da ke sama, zuciyarsa ta ce masa E ne, sai kuwa ya ga E, da ƙafafunta uku, har da inda burushi ya ɗan yi masa gardama a ta tsakiya. Daga nan harshe ya kama hanya. Layi na biyu, na uku, na huɗu, har can ƙasa inda haruffan suka koma kamar ƙudaje, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Aka sauya ido, ya sake zubo su.

"Ikon Allah!" in ji likita. "Baba, ai idonka ya fi nawa. Ɗan taimako kaɗan kake bukata."

Wannan magana ta shige shi. Ya dubi matarsa ta gefen firam ɗin ƙarfen, wato kin ji ko? Ya zaɓi firam baƙi mai kauri irin na manyan malamai, ya fito yana taku ɗaiɗai. Kafin yamma babu wanda bai ji a layin ba cewa likita da bakinta ta ce idon Baba ya fi nata, kuma tabarau na nan tafe.

Kwanakin jira ya cika su da shiri. Ya sayo katako mai kyau, ya goge shi da samfefa har ya yi santsi, ya shafa farin fenti, ya bari ya bushe, ya ƙara shafawa. Ya wanke burusansa da kananzir ya jera su a rana. Ya dama kore kala-kala yana nuna wa Auta, ta zaɓi mai duhu. Ko a wajen cin abinci zancen ke nan. Ranar karɓa kuwa sai da ya je aka yi masa aski, ya sa rigar da yake zuwa ɗaurin aure da ita.

A cikin shagon ya saka tabarau, likita ta gyara masa zamansa a kunne, ya dubi allon gwaji ya karanta tar. Ya yi godiya, ya sa albarka, ya fito bakin titi da faɗaɗɗen murmushi, ya ɗaga kai don ya ga duniya.

Duniya tana nan yadda ya bar ta. Motoci na wucewa kamar an shafa su da jiƙaƙƙen tsumma. Allon mai aski da ke tsallake wani fari-fari ne da baƙi-baƙi. Ya cire, ya mayar. Ya cire, ya huhhura, ya goge da bakin riga, ya mayar. Bambancin bai taka kara ya karya ba.

"Yaya?" in ji matarsa.

"Alhamdu lillahi," ya ce, da muryar da ba ta yi kama da tasa ba.

Layin shaguna ba ya rasa masana. Mai aski ya ce ai sabon tabarau sai ido ya saba da shi, ƙanin matarsa ma sai da ya yi ta jiri. Mai burodi ta ce a wanke da sabulun wanke-wanke. Mai gyaran waya ya karɓa ya ɗaga shi sama, ya ce wataƙila akwai 'yar leda a jiki irin ta sabuwar waya, suka yi ta kankarewa da farce ba su samu komai ba. Mai wanki da guga ya ciro nasa ya ce a gwada, Baba ya saka, ƙasa ta taso masa har ƙirji, sai da ya dafa bango. Kowa ya ba da tasa, shi kuma ya bi kowace ɗaya da zuciya ɗaya, don har lokacin bai fid da rai ba. Kowace safiya yakan farka da zumuɗi, ya laluba tabarau, ya leƙa taga, ko yau ido ya saba.

Ido bai saba ba, ranar buɗe kanti kuma tana matsowa. Sai ya ce bari a fara. Aka kafa katakon a saman ƙofar Auta, matarsa ta riƙe tsani. Ya ja A, ya sauko, ya tsallaka, ya goya hannu. Ya hau ya ja U, ya sake tsallakawa. A karo na biyun nan ya daɗe tsaye a can, kuma bai gyaɗa kai ba. Allon kowa zai iya yi wa gyaɗawar ƙarya, ban da na Auta.

Yana tsaye a wurin motar surukinsa ta tsaya a gabansa. Surukin ya fito ya gaishe shi, ya buɗe ƙofar baya zai ɗauko kwali, sai ga wani dogon abu a naɗe a kan kujera, yana sheƙi. Wannan kam a kusa yake, Baba ya gan shi sarai.

"Ko da za a bukata ne kawai, Baba," in ji surukin, yana sosa ƙeya. "Ba wai don wani abu ba."

Baba Tsallake ya kau da kai daga ledar. Ya tsallako ya rufe gwangwanin fenti. Ransa ya ɓaci, kuma tsoro ya kama shi, tsoron cewa aikinsa ya ƙare ke nan, a kan allon da ya fi kowanne muhimmanci.

A hanyar gida matarsa ta ce, "Gobe mu koma wajen likitar."

"In je in ce mata me? Ita da ta ce idona ya fi nata?"

"To sai ka ɗauki yabon ka rataya a ƙofar Auta."

Da safe suka koma. Wannan karon ba a yi masa gargaɗi a bakin ƙofa ba, shi kuma ya shiga da zafinsa. Ya ce masu yanka gilashi ne suka yi masa aikin gaggawa, irin na 'yan yanzu. Likita ba ta yi musu ba. Ta ɗora tabarau a kan wata 'yar na'ura ta leƙa, ta ce abin da ta rubuta shi aka yanka. Ta ce ya zauna a sake gwadawa. Ta ɗora masa firam ɗin ƙarfe, ta tafi can ƙarshen ɗakin don ta kunna fitilar da ke saman allon. Shi kuwa don ya nuna mata laifin ba daga idonsa ba ne, bai jira ba, ya kama karatu da ƙarfi. Ya sauko layi bayan layi, ya shiga 'yan ƙananan na ƙasa yana zuba su kamar ruwa.

Likita ta tsaya cak, hannunta a kan makunni. Fitila ba ta kunna ba tukuna. Ita kanta kuma tana tsaye ne a gaban allon, farar rigarta ta rufe rabinsa na ƙasa gaba ɗaya. Ta juyo a hankali.

"Baba, ta cikin bayana kake gani?"

Baba ya ƙifta ido a cikin ƙarfen. Ya dubi farin abin da ke tsaye a can, wanda yanzu ya gane mutum ne. Sai ya ce, da ƙaramar murya, "Ai... ni na rubuta allon."

"Kai ka rubuta shi?"

"Mahaifinki ya kawo mini aikin. Allah ya jiƙansa, ya wahalar da ni a kansa."

Matarsa ta dafe ƙirji. "Baban Auta! Kuma ka zauna ka yi shiru?"

"Ke kika ce ban da labari!"

"Rana ɗaya tak da labarinka zai yi amfani, ita ce ka zaɓa ka ji maganata?"

Likita ta so ta daure, abin ya fi ƙarfinta. Ta zauna a kan ɗan benci tana dariya har da hawaye. Da ta samu numfashi ta ce, "Kai ne mai tsallaka titin! Babana ya sha ba mu labarinka. Wallahi har da laifina, da na ga karatu ya yi sauri haka ya kamata in yi shakka. Taso, Baba, allon nan ba zai yi mana ba. Mu fita waje."

Ta ɗauki farantin gilasai, aka fito da kujera bakin ƙofa, aka zaunar da shi yana fuskantar titi da ƙarfe a fuska. Kafin ka ce me, masu shaguna sun fara leƙowa.

"Karanta mini wancan allon na tsallake," in ji likita.

Ya karanta, har da lokacin buɗewa da rufewa.

"Shi ya rubuta!" mai aski ya yi ihu daga ƙofarsa.

"To wancan na kusa da shi."

"Shi ma nasa ne!" in ji mai burodi.

Ta nuna na mai wanki, aka ce nasa. Ta nuna katangar makaranta, mutane suka kwashe da dariya. Duk inda yatsanta ya sauka, hannun Baba ya riga ta zuwa. Shi kuwa gogan, duk da kunyar da yake ciki, sai ƙara gyara zama yake, don abin ya yi masa daɗi. Can likita ta hango wani sabon shagon katifa da aka buɗe kwanan nan, da ƙatuwar bana mai sheƙi a samansa.

"Yauwa. Wancan fa?"

Baba ya ɗaure fuska. "Ledar nan? Ban taɓa ɗaga ido na kalle ta ba."

"Madalla. Ita muke nema."

Haka aka yi. Mutumin da ya yi shekaru yana kau da kai daga banar roba, yau ita ce aka sa shi ya zuba wa ido a gaban jama'a. Kuma gaskiya ta fito, ko babban rubutun bai iya karantawa ba. Likita ta fara zura gilashi tana cirewa. Wannan ko wancan? Wancan. Wannan fa? Ya ɗan fi. Baƙin ya fara tattaruwa yana rabuwa da ja. Ta ƙara wani, ta murɗa wani ɗan ƙaramin abu a gefen firam ɗin.

"Tsaya!" Baba ya miƙe zumbur har kujera ta faɗi. "Tsaya nan! Kada ki taɓa! Ga shi can! Katifa, filo, zanin gado! Ga lambar waya, ga sifili, ga bakwai!"

Aka yi wa ɗaya idon, aka buɗe duka biyun. Wayyo daɗi! Ya ga wayoyin lantarki ɗaya bayan ɗaya, da tsuntsayen da ke kansu. Ya ga bishiyar bakin tasha ashe ganye gare ta, ba koren dunƙule ba. Ya karanta lambar wata mota da ke wucewa da ƙarfi, direban ya juyo a tsorace. Ya nuna mutum-mutumin tela ya ce, "Kai ne ka ƙi amsa gaisuwata!" Layin gaba ɗaya ya ɗauki tafi da sowa.

Sai idonsa ya sauka a kan allunansa, murmushin ya fara ja da baya. Tsofaffin suna nan tsaye kyam, ba abin da za a ce musu. Amma na 'yan shekarun nan, wanda ya sabunta wa mai aski, haruffan ƙarshe sun cunkushe suna hawan juna. Na gidan burodi ya gangara gefe ɗaya. A da U na Auta, can a kwana, ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

"Kun ga wannan?" ya tambayi mai aski.

"Mun gani, Baba."

"Kuma kuka yi shiru? Kuka ci gaba da kawo mini aiki?"

Mai aski ya ɗaga kafaɗa. "Ai hannunka ne."

Ya juya ga matarsa. Ita ma ta ce ta gani, amma duk ranar da ta yi niyyar faɗa, sai ta hango shi a tsallake yana gyaɗa kai, bakinta ya yi nauyi. Abin ya sosa masa rai, ga kunya ga godiya. Amma Baba ba mutumin dogon jimami ba ne. Ya share fuska ya ce duk zai gyara su, ɗaya bayan ɗaya, bayan ya gama da na Auta.

Saura matsala guda. Likita ta ce sabon gilashin da wuya ya iso kafin ranar buɗe kanti. Ta miƙa hannu za ta cire masa firam ɗin ƙarfe, ya dafe shi da hannu biyu. Ta dube shi, ta yi ɗan tunani, ta shiga ciki ta fito da wani tsohon firam na gwaji, na mahaifinta, wanda fentinsa ya kankare. Ta zura masa gilasan biyu a ciki ta ce aro ne, ya kula da shi.

Waɗanda suka ga kwanakin da suka biyo baya har yanzu suna ba da labari. Baba ya shafe A da U da fari, ya sake daga farko. A kan tsani yana sanye da ɗan tabarau na kasuwa, in ya sauko matarsa ta miƙa masa na ƙarfe, ya ɗora, ya tsallaka titi kamar mujiya, direbobi na rage gudu suna kallo. Ya goya hannu, ya karkata kai. Wani lokacin ya gyaɗa, wani lokacin ya yi tsaki ya dawo da sauri ya goge, kuma tsakin ma daɗi yake masa, don ya daɗe rabonsa da ganin kuskurensa. Yana aiki yana waƙa, yana ba duk mai wucewa labarin allon gwaji, ba mai hana shi. Da koren fenti ya fara ɗiga a kan sabon simintin ƙofa, surukin ya je mota ya ɗauko banar nan, ya warware ta, ya kifa ta a ƙarƙashin tsani. Baba ya leƙo daga sama ya ce, "Ka ga, ashe tana da amfani."

Ana gobe buɗewa, da la'asar, ya ja harafin ƙarshe. Auta ta ce ya bar mata gwangwani da ƙaramin burushi za ta wanke masa, ya je ya huta.

Da safe layin ya cika. An share ƙofar kanti, kwalaben magani sun jeru a kanta, Auta na tsaye da farar riga tana karɓar barka. Sai ga likita ta ratso jama'a da 'yar jaka a hannu, ashe ta matsa wa masu yanka gilashi har sun gama. Baba ya mayar mata da ƙarfen mahaifinta da hannu biyu, ya saka nasa baƙin mai kauri. Bai tsaya duba madubi ba. Ya kama hanya ya tsallaka titi, matarsa na biye da shi, karo na farko da ta bar gindin tsani ta zo wannan ɓangaren.

Ya goya hannu, ya karkata kai, ya ɗaga murya. "Auta. Kantin Magani."

"Karatu kake ko hadda?" in ji matarsa.

"Karatu nake, mace! Ga shi can, kowane harafi a tsaye, ga..."

Idonsa ya sauka ƙasa. A kusurwar allon ta ƙasa, inda ya bari fari, akwai wani ɗan siririn rubutu da koren fenti, wanda ba shi ya yi ba. Hannun ba gwani ba ne, layin ya ɗan hau sama. Ya matsa tabarau a hanci, ya karanta a hankali, kalma bayan kalma, daga nan inda yake tsaye.

"Babana ne ya rubuta."

Can a ƙofar kanti Auta ta ɗago masa hannu, har yanzu da kore a yatsunta, kuma ya ga koren. Sannan ya cire tabarau ya goge da tsumman kafaɗarsa, ya goge idon ma, ya mayar.

"Ta matse haruffan ƙarshe," ya ce.

"A kawo tsani ka gyara?"

"Kada wanda ya taɓa mini shi," in ji Baba Tsallake, sannan ya gyaɗa kai.